Tseren Formula 1: Me ya sa sakamako ke sauyawa bayan an kaɗa tutar ƙarshe?

Da asubahin Lahadi, 23 ga Nuwamban 2025, masu bibiyar tseren motoci na Formula 1 a Zariya sun kalli tseren Las Vegas da ke Amurka. Max Verstappen na Red Bull ne ya zo na ɗaya, Lando Norris na McLaren ya biyo shi, Oscar Piastri, shi ma na McLaren, ya zo na huɗu. Aka raba kofuna, kowa ya ajiye waya ya kama harkar gabansa da sanin cewa Norris ya kusa rungumar kambun duniya. Kafin azahar sai labari ya sha bamban: an soke sakamakon motocin McLaren duka biyun. Maki 18 na Norris da 12 na Piastri suka bi ruwa, tazarar da ke tsakanin Norris da Verstappen ta dawo 24 maimakon 42.

Irin wannan ne ke tayar da musu a majalisun samari daga Samaru zuwa Kongo da Sabon Gari, da kuma zaurukan WhatsApp. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum. Ta yaya za a kori wanda ya riga ya gama tsere? Me ya sa wanda ya fi kowa gudu ranar Asabar zai tashi daga tsakiyar sahu ranar Lahadi? Don me laifi ɗaya ke jawo wa wani asarar komai, wani kuma ko a jikinsa? Amsoshin suna wurare uku: yadda ake raba gurbin tashi, yadda alƙalai ke yanke hukunci, da yadda ake lissafin maki.

## Asabar: neman gurbin tashi

A makon tsere, Juma'a ta atisaye ce, Asabar ta neman gurbi, Lahadi kuma ta tseren kansa. Motocin ba sa tashi kafaɗa da kafaɗa. Ana jera su ne sahu biyu, kowace tana gaban mai bi mata da mita 8, don haka na 20 yana fara tsere da bashin fiye da mita 150. Zaman neman gurbi shi ke fayyace wanda zai tsaya a ina, kuma ma'auninsa zagaye ɗaya ne tak: mafi saurin da direba ya yi.

Tsarin da ake bi tun 2006 na tankaɗe da rairaya ne, kashi uku. Kashi na farko minti 18 ne, kowa yana ciki. Na biyu minti 15. Har zuwa 2025, da motoci ke 20, ana zubar da biyar mafi jinkiri a kowane kashi, goma su rage su fafata a na ƙarshe. Daga 2026 da kamfanin Cadillac ya shigo motoci suka zama 22, shida ne ke faɗuwa a kowanne daga kashi biyun farko. Duk wanda ya haye zuwa kashi na gaba, lokacinsa na baya ya goge, sai ya sake sabon lale.

Mintuna biyun ƙarshe su ne inda rikici ke haihuwa. Yayin da motoci ke ta zagaye, robar taya tana mannewa a kwalta, hanya tana ƙara riƙo, saboda haka kowa yana son ya zama na ƙarshen fita. Sai ka ga motoci sun yi jerin gwano a bakin gareji, injina na ruri, kowane direba yana jan ƙafa don ya bar tazara tsakaninsa da na gabansa. A kan hanya kuma wasu suna tafiya a hankali suna ɗumama taya, wasu suna tafe da gudun da ya haura kilomita 300 a awa. Wanda ya tare wa mai gudu hanya, galibi ana mayar da shi baya da gurbi uku. Wanda tayoyinsa huɗu suka tsallake farin layin gefen hanya, ana goge masa wannan zagayen nan take. Idan wani ya yi hatsari aka ɗaga tuta rawaya, duk na bayansa dole su sassauta, damarsu ta tafi ke nan ba tare da laifinsu ba.

Tazarar da ake magana a kai ƙanƙanuwa ce ƙwarai. A Kanada a 2024, George Russell da Verstappen sun yi lokaci ɗaya cif, minti 1 da sakan 12, har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Aka bai wa Russell gurbin farko don shi ya riga yin lokacin.

Gurbin farko ba ya kawo maki ko ɗaya. Darajarsa tana ga wahalar wuce mota. Motar tsere tana dogaro da iska ne wajen manne wa ƙasa a kwana, motar da ke gaba kuwa tana yamutsa iskar, ta bar wa ta baya guguwa mai rage mata riƙo da cinye mata taya. Sai dai wannan ya danganta da hanya. A Monako, inda titi ya matse kamar lungu, motoci goman farko a 2024 sun gama tsere a daidai jerin da suka tashi. A Birazil kuwa, a shekarar, Verstappen ya tashi na 17 cikin ruwan sama ya lashe tseren. Mai cewa Asabar ce komai da mai cewa ba komai ba ce, kowannensu yana da hujja, hanyar da yake misali da ita ce ta bambanta.

## Wanda ya fi gudu amma ya tashi a baya

A Beljiyam a 2024, Verstappen ne ya fi kowa sauri ranar Asabar, amma Charles Leclerc na Ferrari ne ya tashi a gaba, shi kuma na 11. Bai yi wa kowa laifi a kan hanya ba. Doka ce ta ƙayyade yawan injina da manyan kayansu da kowane direba zai yi amfani da su a kaka guda, a 2024 injina huɗu ne don tsere 24. Wanda ya fara haura adadin, za a mayar da shi baya da gurbi 10.

An kawo dokar ne don rage kashe kuɗi, domin a da manyan kamfanoni kan sa sabon inji kusan kowane tsere, ƙananan kuwa ba su da wannan ƙarfin. Masu suka suna cewa ana hukunta direba a kan laifin ƙarfe. Masu kare ta suna cewa idan tarar kuɗi kawai aka sa, mai hannu da shuni zai biya ya wuce. Kamfanonin sun kuma koyi dabara: sukan ɗauki hukuncin da gangan a hanyar da wuce mota ke da sauƙi, irin ta Beljiyam ɗin.

Akwai wata dokar mai kama da ita. Daga lokacin da mota ta fita neman gurbi, an kulle saitinta, makanikai ba su da ikon sauya manyan abubuwa. Wanda ya ga saitin bai yi ba ya sauya, to daga layin gareji zai tashi, bayan kowa ya wuce. Haka Verstappen ya yi a Birazil a 2025 bayan ya faɗi tun a kashin farko, ya kuma gama na uku.

## Su wane ne alƙalan?

Hukumar FIA mai hedikwata a Faris, wadda Mohammed Ben Sulayem ɗan Dubai ke shugabanta tun Disambar 2021, ita ke da doka da hukunci. Harkar kasuwanci da nuna tsere a talabijin kuwa tana hannun kamfanin Liberty Media na Amurka tun 2017. Ana yawan cakuɗa su, kamar yadda ake cakuɗa daraktan tsere da alƙalai.

Daraktan tsere shi ke tafiyar da abin da ke gudana a kan hanya: ya fito da motar kariya (wadda ke shiga gaban masu tsere ta rage musu gudu idan an yi hatsari), ya dakatar da tsere, ya sake buɗe shi. Idan ya ga abin da bai gamsu da shi ba, sai ya miƙa wa alƙalai. Su kuma kwamiti ne na mutum ƙalilan da ake sauyawa daga tsere zuwa tsere, akwai wanda ƙasar da ke karɓar baƙunci ke kawowa, kuma tun 2010 ake sa tsohon direban tsere a cikinsu. Aikin sa-kai suke yi, ba ma'aikatan dindindin ba ne. Suna da abin da mai kallo ba shi da shi: hotunan kyamarori masu yawa, maganganun direba da injiniyansa ta rediyo, da bayanan kwamfutar mota da ke nuna inda ya taka birki da yadda ya juya sitiyari.

Hukuncinsu hawa-hawa ne. Akwai gargaɗi da tara, akwai ƙarin sakan 5 ko 10, akwai tilasta wa direba ya ratsa layin gareji a hankali, akwai tsayawar sakan 10 ba tare da an taɓa motar ba, akwai mayarwa baya a tsere na gaba, sai kuma soke sakamako. Wanda aka ba sakan 5 zai biya ne idan ya shigo sauya taya. Motar za ta tsaya, makanikai kusan ashirin su kewaye ta riƙe da tayoyi da na'urar kwance noti, babu mai sa mata hannu sai agogo ya cika. Idan bai sake shigowa ba, a ƙara sakan ɗin a kan lokacinsa bayan an tashi. Shi ya sa wani lokaci motar da ta fara tsallake layi ba ita ke cin tsere ba, kamar yadda ya faru da Sebastian Vettel a Kanada a 2019, inda nasara ta koma hannun Lewis Hamilton.

## Hukuncin awo

Mafi yawan musun da ake yi yana tasowa ne daga rashin raba hukunci gida biyu. Akwai wanda ma'auni ke yankewa, akwai wanda nazarin mutum ke yankewa.

Bayan tseren Las Vegas, irin hirar da ake ji a teburin mai shayi ita ce ƙaramin yana cewa, "Haba Yaya, mutum ya yi zagaye 50 bai taɓa kowa ba, a ce wai falanki? Ai wannan so ake a taimaki Verstappen." Babban kuma ya amsa, "Ƙanena, awo ne fa. Da motar Red Bull ce aka gwada aka samu haka, da ita ma ta tafi."

Maganar babban ita ce daidai da doka. A ƙarƙashin kowace mota akwai wani falanki mai kaurin milimita 10, kuma a dokar 2025 ba a yarda ya gaza 9 ba bayan tsere. An kawo shi ne a 1994, shekarar da Ayrton Senna ya rasu a hatsari a Imola ta Italiya, don hana kamfanoni sauke mota ƙasa sosai. Motar da ta kusanci kwalta ta fi gudu a kwana, amma idan cikinta ya daki ƙasa tana iya ƙwace wa direba. McLaren ta ce motocinta sun riƙa tsalle fiye da yadda aka zata. Alƙalai sun yarda ba da gangan ba ne, amma suka soke sakamakon, domin a dokar ƙirar mota ba a duba niyya.

Haka aka yi wa Hamilton da Leclerc a Austin ta Amurka a 2023. Haka Russell ya lashe tseren Beljiyam a 2024, aka ɗora motarsa a sikeli aka ga ta gaza da kilo 1.5, nasara ta koma ga Hamilton. A Sin a 2025 an kori motocin Ferrari biyu rana ɗaya, ta Hamilton saboda falanki, ta Leclerc saboda nauyi. Dalilin da ya sa labarin ke zuwa a makare shi ne ba a iya awon sai mota ta tsaya, sannan a kira wakilan kamfani a saurare su.

Duk da haka akwai ƙorafi mai tushe a nan. Ba kowace mota ake yi wa kowane awo ba. A Austin motoci huɗu aka duba falankinsu, biyu suka faɗi, sauran kuwa ba a duba ba. FIA ta ce lokaci ba zai isa a kwance kowace mota ba, kuma tsoron a zaɓe ka shi ke sa kowa ya kiyaye. Masu suka suka ce idan rabin waɗanda aka gwada sun faɗi, hankali ya ce a gwada sauran.

Farin layi ma awo ne, amma yawansa kan fi ƙarfin alƙalai. A Ostiriya a 2023 an samu rahoton tsallake layi fiye da 1,200, aka sauya sakamako sa'o'i bayan an tashi. A shekarar da ta biyo baya aka zuba tsakuwa a gefen kwanonin da abin ya fi yawa, direbobi suka daina fita da kansu.

## Hukuncin nazari

Nan ne gizo ke saƙa. Motoci biyu sun shiga kwana tare, ɗaya ta fita hanya ko sun yi karo. Wa ke da laifi? FIA tana da ƙa'idojin da alƙalai ke dubawa, ta kuma wallafa su ga jama'a a watan Yunin 2025. A taƙaice, mai son wucewa ta cikin kwana sai tayoyinsa na gaba sun kai daidai madubin abokin karawarsa a cibiyar kwanar, wato inda mota ta fi matsowa gefen ciki, kuma motar tana hannunsa, ba afkowa ya yi ba. Mai son wucewa ta waje kuwa sai ya riga shi kaiwa cibiyar. Wanda ya cika sharaɗi, dole a bar masa fili.

A Austin a 2024, Norris ya nemi wuce Verstappen ta waje. Verstappen ya jinkirta birki ya riga shi kaiwa cibiyar kwana, dukansu biyu suka fita hanya, Norris ya wuce ta can. Aka ba Norris sakan 5, ya sauka daga na uku zuwa na huɗu. Mako guda bayan haka a Meziko, su biyun suka sake haɗuwa, wannan karon Verstappen aka ba sakan 10 sau biyu. Magoya bayan Norris suka ce an gyara kuskuren Austin ne a fakaice. Magoya bayan Verstappen suka ce surutun 'yan jarida ne ya yi tasiri. Alƙalai kuwa suka nuna cewa matsayin motocin a cibiyar kwana ya bambanta a lokutan biyu. Abin da direbobi da dama suka fito da shi daga wannan rikici ya fi muhimmanci: idan doka ta ce wanda ya riga kaiwa cibiya shi ke da kwana, to tana koya wa direba ya saki birki ya ruga can ko da ba zai iya karya kwanar ba.

Wata ƙa'idar da ke ɗaure wa mai kallo kai ita ce alƙalai suna hukunta aikin da aka yi ne, ba ɓarnar da ya haifar ba. A Silverstone ta Ingila a 2021, Hamilton ya taɓa motar Verstappen a wata kwana mai tsananin gudu, Verstappen ya daki shinge aka kai shi asibiti a duba shi. Aka ba Hamilton sakan 10, ya biya, ya kuma lashe tseren. A Ostireliya a 2023, Carlos Sainz ya sami sakan 5 kacal, amma da yake an gama tseren motoci na dunƙule a bayan motar kariya, sai ya faɗo daga na huɗu zuwa na 12, ya tashi ba maki. Hukuncin da ya fi sauƙi a takarda shi ya fi ciwo. Masu kare ƙa'idar suna cewa idan aka koma auna ɓarna, sa'a ce za ta riƙa yanke hukunci, tunda taɓawa iri ɗaya tana iya ƙarewa lami lafiya yau, gobe ta kifar da mota. Masu adawa suna cewa hukuncin da mota mai gudu za ta iya shanyewa ba ya hana kowa komai.

Inda alƙalai ba sa sassauci shi ne tuta rawaya. A Katar a 2024, Norris yana na biyu bai rage gudu ba a inda ake kaɗa tuta biyu, aka ba shi tsayawar sakan 10, ya ƙare na goma. Da yawa sun ga hukuncin ya yi tsauri. Tushensa yana Suzuka ta Japan, inda Jules Bianchi ya daki motar janye motoci a irin wannan wuri a 2014, ya rasu a 2015 sakamakon raunin.

Ban da wannan, kowane laifin tuƙi yana iya jawo ɗigon laifi a lasisin direba. Wanda ya tara 12 cikin wata 12 zai zauna a gida tsere ɗaya. An fara tsarin a 2014, kuma Kevin Magnussen ne ya fara faɗawa, ya rasa tseren Azabaijan a 2024. Verstappen ya kai 11 a tsakiyar 2025, ya sha da ƙyar.

## Ana iya janye hukunci?

Da wuya. Hukuncin sakan da aka bayar cikin tsere ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Ƙofar da ta rage ita ce kamfani ya kawo sabuwar hujja mai nauyi wadda alƙalai ba su da ita lokacin da suka yanke hukunci. A Jidda a 2023, Fernando Alonso ya hau dandamali a matsayin na uku, aka ƙwace saboda an ce jak ya taɓa motarsa yana biyan hukunci, sannan aka mayar masa a daren bayan ƙungiyarsa Aston Martin ta nuna misalan da aka yi haka ba a hukunta ba. A 2025 ƙungiyar Williams ta yi nasarar goge wa direbanta Sainz ɗigon laifin da aka ba shi a Holan, amma sakan 10 da ya riga ya biya sun tafi ke nan.

Babban misalin da har yau ake kawowa, Abu Dhabi a Disambar 2021, ba hukuncin alƙalai ba ne tun farko. Hamilton da Verstappen sun shiga tseren da maki 369.5 kowanne. Hamilton na gaba, Nicholas Latifi ya yi hatsari saura 'yan zagaye, motar kariya ta fito, Verstappen ya sa sababbin tayoyi. Daraktan tsere Michael Masi ya bar motoci biyar da aka riga aka zagaye, waɗanda ke tsakanin su biyun, su kaɗai suka wuce, ya buɗe tsere saura zagaye ɗaya, Verstappen ya wuce ya ɗauki kambu. Alƙalai suka yi watsi da ƙorafin Mercedes, ƙungiyar Hamilton a lokacin. Daga baya FIA ta cire Masi, rahotonta ya amsa cewa an yi kuskure irin na ɗan Adam, amma sakamakon ya tsaya.

Daga irin waɗannan ne kiran a naɗa alƙalan dindindin masu albashi ya yi ƙarfi, kuma Russell, wanda yake cikin shugabannin ƙungiyar direbobi, yana daga masu wannan kira. Hujjarsu ita ce mutum ɗaya zai fi riƙe ma'auni ɗaya. Masu ɗari-ɗari suna cewa idan alƙalin dindindin ya ƙullaci wani direba, zai sha shi shekara guda cur, sannan akwai tambayar wa zai biya albashin. Zargin cewa ana fifita direbobin Ingila kuwa, wanda ake yawan ji a wajen magoya bayan Verstappen da Alonso, jerin waɗanda aka soke wa sakamako bai goyi bayansa ba: Hamilton, Russell da Norris duk 'yan Ingila ne.

## Lissafin kambu

Tun 2010 goman farko ke samun maki: 25, 18, 15, 12, 10, 8, 6, 4, 2, 1. A makonni shida na kaka akwai gajeren tsere ranar Asabar, na ɗaya ya sami 8, a sauko har na takwas ya sami 1. Makin zagaye mafi sauri an soke shi daga 2025. Mai son sanin ko direbansa na da sauran dama sai ya ninka tseren da suka rage da 25, ya ƙara 8 ga kowane gajeren tsere, ya gwada da tazarar. Idan an yi kunnen doki, wanda ya fi yawan nasara ne zakara. Amma damar lissafi daban, damar zahiri daban: wanda ke baya da maki 24 saura tsere ɗaya yana buƙatar ya ci, abokin hamayyarsa kuma ya tashi kusan hannu rabbana.

Kakar 2025 ta nuna yadda abin ke juyawa. Bayan tseren Holan a ƙarshen Agusta, Piastri ne ke gaba, Verstappen yana bayansa da maki 104, kusan kowa ya cire shi a lissafi. Aka shiga tseren ƙarshe a Abu Dhabi Norris na da 408, Verstappen 396, Piastri 392. Verstappen ya ci, Piastri na biyu, Norris na uku. Norris ya zama zakara da 423, Verstappen 421, Piastri 410. Da Norris ya sauka gurbi ɗaya kawai, da kambun ya kuɓuce masa. Verstappen ya fi shi yawan nasara, 8 da 7, amma maki ake ƙirgawa.

Tazarar maki biyu ta buɗe ƙofar "da ba don kaza ba", kuma kowane ɓangare yana da nasa. Magoya bayan Verstappen suna nuna Monza ta Italiya, inda McLaren ta umarci Piastri ya mayar wa Norris gurbi na biyu bayan an yi wa Norris jinkirin sauya taya, abin da ya ƙara masa maki 3. Masu sukar Verstappen suna nuna Sifaniya, inda ya daki motar Russell aka ba shi sakan 10, ya sauka daga na biyar zuwa na goma, maki 9 suka tafi. Magoya bayan Norris suna cewa ba don Las Vegas da lalacewar motarsa a Holan yana na biyu ba, da tun tuni an gama magana. Na Piastri suna tuna sakan 10 da ya raba shi da nasara a Silverstone, da wani sakan 10 a Birazil. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma kowanne ya haura maki biyu. Shi ya sa ɗaukar guda ɗaya a ce shi ya yanke kambu ba ya tsayawa a lissafi, domin wanda ya mayar wa direbansa makin da ya rasa, dole ya mayar wa abokin hamayya nasa.

## Abin da ya shafi mai kallo a Zariya

Yawancin tseren Turai yana farawa ne da ƙarfe 2 na rana agogon Najeriya, lokacin da gidajen kallo ke shirin ƙwallon Ingila, don haka mai son tsere yakan koma waya da data, ko ya jira gajerun bidiyo. A nan ake samun matsala. Bidiyon sakan goma daga kyamara ɗaya yana iya nuna direba a matsayin mai laifi, alhali kyamarar sama ko bayanan birki sun nuna akasin haka. Alƙalai suna rubuta dalilin kowane hukunci, FIA tana sa takardar a shafinta na intanet, galibi shafi ɗaya ce. Sakamakon da ake gani a allo bayan tuta na wucin gadi ne, tabbataccen yana fitowa bayan an gama awon motoci da sauraron ƙorafi. Tseren Amurka da Meziko da ke kaiwa dare a nan, sau da yawa sai da safe ake sanin inda aka kwana.

Zafin musun ma yana da iyaka da ya kamata a sani. Latifi ya bayyana cewa an yi masa barazanar kisa a intanet bayan Abu Dhabi, alhali hatsari kawai ya yi.

Game da hasashen kambu, dokokin 2026 sun sauya mota da inji a lokaci guda: kusan rabin ƙarfin injin daga lantarki yake, man da ake sha ba na fetur ɗin da aka saba ba ne, Audi ta karɓi ƙungiyar Sauber, Red Bull kuma ta koma ƙera injinta tare da Ford. A baya irin wannan sauyi ya sha juya teburi. Mercedes ta yi fintinkau daga 2014 da aka kawo sabon inji, Red Bull ta karɓe daga 2022 da aka sauya ƙirar mota. Sabon inji kuma ya fi saurin lalacewa, wanda ke nufin hukuncin mayarwa baya na iya yawaita a rabin kaka na biyu. Mai auna damar direba a irin wannan shekara zai duba teburin maki, ya duba injina nawa suka rage masa, ɗigon laifi nawa ke lasisinsa, da kuma ko abokin aikinsa yana taya shi ne ko yana raba maki da shi.